Kujera Biyu ga Kowace Jiha

Shekara tara ina riƙe da littafin ƙungiyarmu a Makka, kuma ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba. Rubutuna ne mai kyau, shi ke nan. A gida malamin tarihi ne ni, na sha ƙurar alli a makarantar sakandare har gashina ya fara fari. A nan kuwa takardar zamana, wato igama, lebura ta ce da ni, kuma aikina ninke zannuwan gado a ɗakin wanki na wani masaukin alhazai a unguwar Jarwal. Da aka ji ana ce mini Malam, sai aka miƙo mini biro da littafi da hatimin ƙungiya, aka ce Allah ya taya ni riƙo.

Kowace Juma'a bayan la'asar muke zama, a hawa na uku na masaukin, a ɗakin da ake jibge katifu idan ba lokacin aikin hajji ba ne. Da an kira magariba taro ya watse ke nan, ko da mutum yana tsakiyar magana, don kowa sauri yake ya samu sahu a Harami. An kafa ƙungiyar ne don jana'iza da duba marasa lafiya da nemo alhajin da ya ɓata. Tsarinta mai sauƙi ne. Mutanen kowace jiha su ne reshe guda, 'yan Nijar ma reshe guda, kuma kowane reshe yana da kujera biyu a taro, ko mutum ɗari ne a cikinsa ko goma. Shugabanmu wani dattijon tela ne, ba ya ɗaga hannu a ƙuri'a, nasa sa hannu a takarda ne kawai idan an samu rinjaye.

Abin da ya raba mu mata ne masu aikatau. A cikinmu akwai ejan-ejan, masu zuwa ƙauyuka su ɗebo mata da alkawarin aiki a ƙasa mai tsarki. Ba zan yi ƙarya ba, wasu suna faɗawa gidan kirki. Wasu kuwa da sun shiga sai a karɓe fasfo, a murɗa mukulli. Idan irin wannan ta samu ta yi kuka har muka ji, ƙungiya takan rubuta takarda, in buga hatimi, shugaba ya sa hannu, dattawa uku masu Larabci su ɗauka su je wurin maigidan. Sau da yawa kunya kaɗai takan buɗe ƙofar. Idan ta ƙi, da takardar ake zuwa gaban hukuma. Amma wanda ya je shi kaɗai ba takarda, to mai zuga 'yar aiki ta gudu ne sunansa, kuma igamarsa ce za ta amsa.

A lokacin reshe takwas ne. Huɗu kujerunsu suna hannun ejan-ejan ko masu ci a gindinsu, huɗu suna hannun irinmu masu cewa kulle mace a gida a riƙe fasfonta bauta ce, ko me aka rubuta a kwangila. Da an furta kalmar nan sai ka ji kujeru suna ƙara. Duk da haka takardu suna fita. Idan labarin ya yi muni, sai ka ga wani daga cikinsu ya sunkuyar da kai ya ɗaga hannu tare da mu, daga baya ya ce wai ƙaiƙayi yake yi.

Sai mutanen wata jiha suka yi yawa a gari suka nemi reshensu. Kowa ya san jagoransu yana tare da mu. Babban ejan, wani Alhaji mai farar mota da turaren da yake riga shi shiga ɗaki, ya ce sam. Aka yi Juma'a uku ana hayaniya. Ni kuma malantata ta motsa. Na miƙe na ce a Amurka, zamanin da ake bauta a can, idan za a shigar da sabuwar jiha cikin tarayya sai a haɗa ta da wata, ɗaya mai bayi ɗaya marar bayi, don kada majalisa ta karkata. Na ce mu ma mu yi haka, kada a karɓi reshe sai da abokin tafiyarsa daga ɗaya ɓangaren. Aka yi ta tafi. Alhaji da kansa ya ce, "Kun ga amfanin boko." Na san ƙarshen wancan labarin sarai, na sha rubuta shi a allo, yaƙi ne ya biyo baya. Amma tafin ya yi mini daɗi, sai na zauna ban ƙarasa ba.

Da wannan doka muka karɓi reshe biyu, bayan shekara muka ƙara biyu, muka zama shida da shida. Abin da ban hango ba shi ne, duk reshen da ya shigo yanzu da tambari yake shigowa, ko namu ko nasu. Mutum ya san don a ƙirga hannunsa aka ba shi kujera. Masu ƙaiƙayin nan suka daina. Ko batun sayen sabon tulun shayi aka kawo, sai hannu goma sha biyu ya tashi nan, goma sha biyu can. Shekara guda cur hatimin yana aljihun jakata ban buga shi a takardar ko mace ɗaya ba.

Ana cikin haka, wata Talata bayan azahar, ina ninke zani, saƙon murya ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa kamar mai magana a cikin bargo.

"Malam, ina wuni. Ban sani ba ko za ka tuna ni. Ni ce wadda take zama a layin gaba kusa da taga, wadda ka taɓa kora waje saboda gyaɗa. Innata ce ta samo mini lambarka wurin matarka. Malam, ina nan Makka, a unguwar Shisha. Wata goma sha ɗaya ban taka ƙasa ba."

Na tuna ta. Yarinya ce mai tambayar tsiya, ba ta barin darasi ya ƙare lafiya. Yanzu ta zama uwar 'ya'ya biyu, ta baro su wurin mahaifiyarta. A hankali, saƙo bayan saƙo, na ji sauran. Hawa na huɗu take, a wani gidan haya na iyali. Idan mutanen gidan za su fita sai su kulle ta ciki. Fasfonta yana wurin maigida. Ta ce ba dukanta ake yi ba, abinci ma ana ba ta, amma ta roƙa a mai da ita ofishin da ya kawo ta an ce ba a san zancen ba. Wayar tsohuwa ce ta ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ta tsince ta a kwandon shara, tana ɓoye ta a kwalin garin sabulu, tana kunnawa idan sun kwanta barcin rana. Wanda ya kawo ta kuwa ɗaya ne daga yaran Alhaji mai farar mota.

Na ce ta kwantar da hankalinta, ranar Juma'a za a yi takarda. Da bakina na faɗa, har da cewa in sha Allahu kafin wata ya mutu tana waje. Ta ce, "Malam, don Allah kada ka zo kai kaɗai. Idan suka gane ina da waya, shi ke nan."

Ranar Juma'a na karanta maganarta a taro. Na yi ƙoƙari ban sa kalmar bauta ba. Alhaji ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, kowace sabuwar zuwa haka take kuka. Kewar gida ce. Kwangilar shekara biyu ta sa wa hannu, ba wanda ya ɗaure ta."

"Mukulli fa, Alhaji?"

"Tsaro ne. Gari ne na baƙi. Kai za ka bar ƙofarka a buɗe?"

Aka ɗaga hannu, goma sha biyu da goma sha biyu. Shugaba ya dube ni ya kawar da kai. Na rubuta a littafi cewa ba a samu rinjaye ba.

A makon ne wata dama ta ɓullo. Akwai tsofaffin Hausawan Makka, waɗanda kakanninsu suka zo a ƙasa ta Chadi da Sudan, suna 'yan sana'o'insu a bayan Jarwal, 'ya'yansu ma Larabci ya fi zama a bakinsu. Ba su taɓa damuwa da ƙungiyarmu ba. To sai ga su sun aiko suna son reshe, saboda hidimar jana'iza. Babbansu wani tsoho ne mai sayar da hula da carbi, kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa kan kulle mata. Da sun shigo, mun zama goma sha huɗu, takarda ta fita. Na yi murna har na aika wa ɗalibata cewa saura ƙiris.

Da na karanta buƙatarsu, Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ina abokin tafiyarsu? Dokar Malam ce, ba tawa ba." Ɗakin ya yi dariya, har da wasu namu. Na ce waɗannan ba jiha ba ce, dokar ba ta hau kansu ba. Ya ce in ba jiha ba ce to da wane suna za su zauna a kujera? Duk inda na juya, maganata ce ta tare ni.

Juma'a ta gaba sai ga Alhaji da abokin tafiya. Ya ce ai jiharsu an daɗe da raba ta biyu a gida, an cire wata daga jikinta, don haka mutanen sabuwar suna da haƙƙin reshensu. Su biyar ne, kuma huɗu direbobinsa ne. Namu suka yi tsalle suka ce in haka ne mu ma akwai jihar da aka cire daga tamu, har biyu ma. Wani ya ce 'yan Nijar fa, ƙasa guda a ba su kujera biyu kamar jiha? A raba su su ma. Aka shiga lissafin wace jiha ce ta haifi wace, wa aka haifa a wane gari kafin a raba, wa ya yi ƙarya a kan garinsu. Manya da gemu suna rantsuwa a kan iyakar ƙaramar hukuma. Maganar ɗalibata tana ƙarshen jerin abin da za a tattauna, ni na rubuta ta a wurin da hannuna, kuma kullum kafin a iso ta sai a kira magariba.

Juma'a biyar aka yi a haka. Tsohon nan mai hula yana zuwa kowane mako ya zauna a matakala, don ba shi da izinin shiga sai an karɓe su. A ta biyar, da muka fito, ya riƙe hannun rigata.

"Ya Malam, tsaya. Kakata a garin nan aka sayar da ita, tana 'yar shekara tara, a hanyar hajji. Har ta mutu ba ta son jin ƙarar mukulli. Ku kuna sama kuna ƙirga kujera. Wallahi aib ne. Ba hatimi yana jakarka ba?"

"Yana nan, Baba. Amma sai shugaba ya sa hannu."

"To kalas, shi ke nan, ka je ka roƙe shi."

Na je. Na samu shugaba a shagonsa yana ɗinkin jallabiya. Bai ɗaga kai daga keken ba ya ce, "Malam, idan na sa hannu ba rinjaye, reshe shida za su fice ranar. Gobe wani ya mutu, wa zai ɗauki gawarsa? Kuma ka manta wa ya haɗa ka da kafilinka?" Ban manta ba. Ƙanin Alhaji ne ya samo mini kafilin, wato mai ɗaukar nauyin igamata, kuma saura wata uku a sabunta ta. Na tsaya ina kallon allura tana hawa tana sauka, na yi masa sallama na fita.

Duk wannan lokaci saƙonta yana zuwa bayan azahar. Ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Takan ce, "Malam, ya taron?" Ni kuma in ce ana kan magana. Wata rana ta ce ƙaramin ɗanta ya fara makaranta, innarta ta ce ya ƙi sa takalmi. Wata rana ta ce ta gane motar ɗaukar shara da ƙararta, da ita take sanin gari ya waye sosai. Na fara jin tsoron ƙarar wayata. Akwai ranar da na ga saƙon na bar shi har washegari ban buɗe ba, ni da nake cika baki a taro.

A Juma'a ta shida aka yi sulhu, kuma kowa ya ce an yi nasara. Za a karɓi tsofaffin Hausawan Makka, a karɓi direbobin Alhaji, a zama bakwai da bakwai. Amma Alhaji ya kafa sharaɗi, ya ce maganar 'yan aikatau ce take raba kan 'yan uwa, don haka kada a ƙara kawo ta taro sai bayan aikin hajji. Namu sun gaji. Biyu daga cikinsu suka ce ai wata huɗu ne kawai, kuma an samu tsohon ya shigo, wannan ma ci gaba ne. Karon farko cikin shekara aka samu rinjaye a ɗakin nan, kuma a kan wannan aka same shi. Shugaba ya ce, "Malam, rubuta." Na rubuta da kyakkyawan rubutun nan nawa, na fito da hatimin na buga. Tsohon ya shigo ya zauna a sabuwar kujerarsa, ya tambayi na kusa da shi me aka yanke, da aka faɗa masa ya tashi ya fita.

Ban iya aika mata wannan ba. Washegari Asabar, ina da hutun rabin yini, zuciya ta ɗebe ni. Na ce ni ba yaro ba ne, malami ne, zan je in yi wa maigidanta magana ta hankali, ai shi ma musulmi ne. Gargaɗinta yana kunnena, na ture shi. Na tari tasi zuwa Shisha bayan la'asar, ina ta haɗa Larabcina a hanya. Ta taɓa kwatanta mini gidan, kusa da wani shagon gasa burodi, mai ƙofar ƙarfe ruwan toka. Na hau hawa na huɗu na danna ƙararrawa.

Maigidan ya buɗe, mutum ne matsakaici da tabarau, da ɗan ƙaramin tawul a kafaɗa. Ya amsa sallamata da kyau. Na ce ni malamin 'yar aikinsu ne tun daga gida, na zo in gaishe ta, in kuma roƙi alfarma. Fuskarsa ta canza. Ya ce wa ya gaya mini tana nan? Na ce mahaifiyarta. Ya ce mahaifiyarta ta san hawa na huɗu? Ya ce ni ɗan uwanta ne? Na ce a'a. Daga ofishin da ya kawo ta nake? A'a. Ina da takarda daga wani wuri? Hatimin yana cikin jakar da take rataye a kafaɗata, na ce babu.

Ya ce in ba shi igamata. Ban san lokacin da hannuna ya miƙa ba. Ya ɗauki hotonta da wayarsa, gaba da baya, ya karanta sunan kafilina da ƙarfi, ya ce lebura ne ashe. Ya ce ya san abin da ake yi wa masu zuga 'yan aiki su gudu, ni ma na sani. Duk jawabin da na haɗa a tasi ya bi iska. Na tuna matata da 'ya'yana huɗu da suke ci daga ɗakin wankin nan. Sai na ji bakina yana cewa ya yi haƙuri, kuskure ne, ba zan sake ba. Sau uku na faɗa. Ya miƙo mini katin ya rufe ƙofa, na ji mukulli ya juya sau biyu.

Na sauko. Na tsaya gaban shagon burodin na ɗaga kai ina duban tagogin hawa na huɗu, duk a rufe da labule. Ina cikin tasi, ba mu kai ga fita unguwar ba, wayata ta yi ƙara. Ba lokacin saƙonta ba ne, amma ita ce. Gajere ne, tana haki, ana jin ana buɗe durowoyi a bayanta.

"Malam, na ji muryarka. Ina bayan ƙofar kicin. Na ji kana ba shi haƙuri. Ba komai, Malam. Suna neman wayar. Ka ce wa innata ina lafiya."

Na kira lambar a daren, na kira washegari, na yi ta kira har bayan aikin hajji, a kashe take. Da maganar ta halatta a taro na sake kawo ta, Alhaji ya ce yaronsa ya bincika, iyalin sun tashi daga gidan, ba a san inda suka koma ba. Igamata kuwa an sabunta ta ba wata matsala.

Innarta tana kirana duk ƙarshen wata. Nakan ce mata tana lafiya, don haka ta ce in faɗa.